Yadda Malamin Labarin Ƙasa Ya Sauka a Ɗakin Kogi

Mai girma shugaban wannan zama, Haj Tuhami. Dattawan ƙungiyarmu ta masu motoci masu ɗaki. Iyayenmu mata, waɗanda suke haɗa kaya mu kuma mu karɓi yabo. Abokan tafiya da kuka taso daga Meknes, da Kenifra, da Beni Mellal. Yara da ke jiran in gama a kawo shayi: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya da kuka ba ni wannan dama, ina kuma godiya da shekara tara da kuka yi kuna bin bayan motata da iyalanku, duk inda na ce a sauka a sauka. An ce in yi magana a kan yadda ake zaɓen masauki a bakin tafki ko bakin kogi. Wanda ya zaɓe ni bai yi kuskure ba. Ni, Bushu'aib, shekara talatin da ɗaya ina koyar da labarin ƙasa, kuma babu wanda ya san hanyar da ba ta ɓullewa kamar wanda ya bi ta har ƙarshe.

Abu na farko, kada inuwa ta ruɗe ku. Bara da kaka na ɗauki matata Lalla Rukiya da jikata Gita, mai shekara shida, muka nufi wani tafki a gindin duwatsu. Akwai masauki a kan tudu, da famfo, da bayan gida, da mai gadi, tafiyar minti goma zuwa ruwa. Na leƙa na ga motoci jere a rana, na ce wannan wurin 'yan koyo ne. Na zagaya ƙasa na sami busasshen kogi mai gangarawa cikin tafkin: rairayi shimfiɗe kamar an share, itatuwa hagu da dama, ba kowa. Lalla Rukiya ta dubi wurin ta ce, "Si Bushu'aib, wuri mai kyau haka, me ya hana mutane sauka?" Na ce, "Ai ba kowa ne ya yi karatun da na yi ba." Ta ce, "To, Allah ya sa karatun ya iya iyo."

Abu na biyu, ku tambayi ɗan wuri, in ya amsa kuma ku rufe bakinku. Ina cikin kafa rumfa sai ga wani tsohon makiyayi a kan jaki, ya ce sunansa Ba Muha. Ya yi sallama ya ce, "Ɗan birni, ɗakin wani ka shiga. Mai ɗakin ya yi tafiya, amma ba ya aiko da saƙo in zai dawo." Ya ɗaga sandarsa ya nuna mini busasshiyar ciyawa da ledoji maƙale a rassan itace, sama da kaina. Ya ce, "Wa kake zaton ya rataye su, jakina?" Jama'a, wannan alamar ni na koyar da ita, ni na sa ta a jarrabawa, ni na kayar da yara a kanta. Amma sai na zaro waya na nuna masa hoton rana a hasashen yanayi, na kuma yi masa lacca a kan watannin ruwan sama. Ya saurara har ƙarshe, domin yana da tarbiyya, sannan ya nuna duwatsun da ke can nesa ya ce, "Wayarka ba ta kiwo a can." Ya kaɗa jakinsa ya tafi.

Abu na uku, ruwan da zai ci ka ba dole ne ya zuba a kanka ba. Bayan azahar, sama garau, tajin, tukunyar abincinmu, yana kan garwashi, Gita tana gina gida da rairayi, sai muka ji ƙara kamar ana juye tsakuwa daga babbar mota. Ni na tsaya ina nazarin ko mece ce. Lalla Rukiya ba ta yi nazari ba. Matar da ke kukan gwiwa in za ta hau matakala uku ta suri yarinyar ta haye gaɓa kamar akuya. Ni kuwa na faɗa mota zan tayar, taya na ta haƙa rairayi, har sai da Lalla Rukiya ta ƙwala mini kira, "Fito, tsohon banza, bar ta!" Shekara arba'in da aure ba ta taɓa zagina ba, kuma ban taɓa jin magana mai daɗi kamar wannan ba. Na fito na rarrafa sama, ruwa ja ya wuce ƙarƙashina da duwatsu da kututture, ya ɗauki motar ya kai ta ya jingina da itace. Da na dubi hannuna in ga abin da na tsirar, littafin taswira ne. Gita kuwa takalmi ɗaya ne a ƙafarta, ɗayan ya bi ruwa daga daidai inda take zaune.

Na ga wasunku suna duban juna, domin ba haka na ba ku labarin ba. Ce muku na yi gefen hanya ne ya zabtare da ni. Kuka jajanta mini, Haj Tuhami ya aiko da tukunyar zuma, kuka sake zaɓena mai zaɓen masauki ba hamayya. Zumar na sha, kuma ta yi daɗi, Allah ya yafe mini.

To, abu na huɗu ba na masauki ba ne, nawa ne. 'Yata Huda, mahaifiyar Gita, da ta ji abin da na faɗa muku sai ta ce, "Baba, kuskure kowa na yi. Amma mutanen nan da 'ya'yansu suke bin ka. Ranar da ka tsaya a gabansu ka faɗi gaskiya, ranar Gita za ta sake shiga motarka." Na ce yarinya ce, za ta huce. Wata goma sha ɗaya ke nan. An gyara mota, an wanke laka, kujerar yarinyar na nan ba kowa. Duk Juma'a sai Gita ta kira ni ta ce, "Kaka, yaushe za mu je ruwa?" ni kuma in ce mata motar ba ta da lafiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ni sai da na sa kujera na zauna a cikinsa.

Ga takalmin da ya rage, a aljihuna yake tun ranar. Makon jiya na gwada shi da ƙafarta, ko yatsunta bai rufe ba. Wannan girman duk a bayan idona aka yi shi, kuma ba kogi ne ya raba ni da shi ba, girman kaina ne.

Saboda haka ina ajiye muƙamina a yau. In kuna neman wanda zai gaje ni, ga Lalla Rukiya nan. Ba ta san sunan dutse ko ɗaya ba, amma ta san lokacin gudu. Ku sauka a tudu ko da rana za ta gasa ku. Ku ɗaga kai ku dubi rassa kafin ku dubi waya.

Huda, kina can layin baya riƙe da hannun Gita, kin ji da kunnenki. Na faɗa.

Mai girma shugaba, a yi mini haƙuri, na ga ta saki hannun yarinyar. Ku buɗa wa Gita hanya ta iso wurina.

Allah ya kai kowa gidansa lafiya, ya tsare mana 'ya'ya da jikoki a tudu da kwari, ya saka wa Ba Muha da jakinsa da alheri, ya kuma ba mu kunnen jin magana tun kafin ruwa ya faɗa mana ita. Na gode.