Garin Salwa a Tafasasshen Ruwa

A tashar Gummi, muna jiran motar Anka ta cika, wata mata da kwandon salwa bisa cinya ta shiga yi ma tsohuwar da ke gefenta ƙorafi.

"Inna, tun shigowar bazara salwar nan sunka daina ƙwai. Ɗiyata kuwa ba ta cin komi sai ƙwansu."

"Ba ki sai masu garin nan mai taimaka masu narkar da dusa ba?"

"Na saye. Kullum sai na dama masu shi da tafasasshen ruwa."

"Tafasasshe? Ke ɗiyar nan, kunu kike masu? Ai garin ba ya son zafi. Kin kashe shi tun bai kai cikinsu ba!"

Matar ta gyara zaman kwandon bisa cinyarta.

"Daga Sunke nike, Inna. Tun shekarar gubar dalma da na rasa ɗana Bilyaminu, ko ruwan kaji sai na tafasa. Na san ba shi ne magani ba. Hannuna ne ya ƙi bari."

Tsohuwar ta dafa kafaɗarta.

"Allah shi sa mai ceto ne. Yi ta tafasa abinki, ɗiyata. Ki dai bari shi huce, sannan ki zuba garin."