Talatar Kaka Sabri

Da sunan Allah Mai rahama, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Shaihu Abdul'al, limamin masallacinmu. Usta Ragab, shugaban masu ƙera jiragen ruwa na nan garin Rashid. Uwarmu Hajja Ni'imat, matar marigayi, da 'yarsa Dalal. Iyayen yara da sauran jama'a, assalamu alaikum. Ni ce Suhair, shugabar makarantar rainon yara ta bayan kasuwar kifi. Yau kwana arba'in da Allah ya karɓi Usta Sabri, aka ce in yi magana da yawunmu duka.

Ya kasance usta, wato gwanin kafintan jirgi, rabin jiragen da ke bakin kogin nan sun bi ta hannunsa. Ya kasance mafaɗaci, kada mu ɓoye. Duk wanda ya koyi aiki a wurinsa ya sha tsawa. Shi ya sa ranar da ya hau matakalarmu da littafi a hammata, ya ce ya ajiye guduma, ya zo ya riƙa karanta wa yara, sai na tare shi. Na ce, "Usta, 'yan shekara huɗu ne fa, ba a yi musu tsawa." Ya ce, "Ke dai ba ni wuri." Ya zauna a ƙasa, ya buɗe littafi, ya yi kukan jaki. Aji ya kaure da dariya.

Shekara tara ya yi yana zuwa duk Talata, ko sisi bai taɓa karɓa ba. Yara suka sa masa Kaka. Su ce, "Kaka, gemunka warin kifi yake!" Ya ce, "Ku da bakinku ke warin madara? Ku matso, 'yan ƙwal uba."

Sai ciwon sukari ya ci idonsa. Dalal, kin tuna kin same ni kina kuka. Kika ce Baba ba ya gani sai inuwa, kina tsoron hanya da matakala, ya ƙi jin maganarki, ni in dakatar da shi. Gaskiyarki ce, na kuwa yi miki alkawari.

Talatar da ta biyo na tsaya a bakin aji ina jiran ya gama. Na ga ya ɗauki littafin a juye. Wani yaro, Marwan, ya hau cinyarsa kamar wasa, ya gyara masa shi. Kaka ya ci gaba, ashe da ka yake karantawa, ya haddace littattafan kaf. In ya kai ƙarshen shafi sai wata yarinya, Tasnim, ta juya masa shi, ta ce da ƙarfi, "Lah, ga kada nan!" don ya san inda aka kai.

Tasnim ta hango ni, ta zo ta ja mini riga. Ta ce, "Malama, kar ki gaya masa. Bai san mun sani ba, zai ji kunya."

Da aka tashi na raka shi matakala, maganar tana bakina. Sai ya riga ni. Ya ce, "Suhair, na san abin da ya kawo ki. Ki yi mini abu ɗaya, kar yaran nan su ji ba na gani. Ba su gane ba tukuna."

Jama'a, me zan ce? Na ce, "Sai Talata, Usta."

Daga nan na tsiri sayen gurasa a layinsu duk safiyar Talata, don mu jero tare. Yakan ce, "Ke wace irin mata ce, gurasarki ba ta ƙarewa sai Talata?" Haka muka yi shekara biyu, ina riƙe da amanar tsoho da amanar yara, ban ba wa kowa ta ɗan'uwansa ba.

Dalal, na ce miki na yi masa magana ya ƙi. Ban taɓa yi ba, na kasa. A gaban mahaifiyarki da mutanen nan nake roƙon ki yafe mini. Hajja, ki yi haƙuri, mu ma mun yi rashi, kuma muna kewarsa ƙwarai.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo, Allah ya mai da kowa gida lafiya. Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Sabri, Ka haskaka kabarinsa. 'Yan shekara huɗu sun rufa masa asiri a duniya. Kai ne mafi tausayi, Ka rufa masa asiri a lahira. Amin.