Tarwaɗa a Rijiyar Dogarawa

A tashar Malbaza Zaidu mai binciken kifi yake jiran mota ta cika, sai wata tsohuwa ta ƙura wa jajayen robobin da ke hannunsa ido.

"Ɗana, mi kaka yi da waɗanga?"

"Tarwaɗa nake maƙala wa a wani tabki wajen Illela, Inna, don mu san inda suke zuwa."

"To, guda ta iso, da jar robarta a jiki. Bara jikata ta jawo ta cikin guga, a rijiyarmu ta Dogarawa."

Zaidu ya yi dariya. "Haba Inna! Babu ruwan da ya haɗa su."

"Haka ni ma na ce, ranar da hular maigidana ta fito daga rijiyar."

"Shi yana ina?"

"Tabkin nan naka ya ci shi. Har yau rijiyar nika leƙawa."