A Ina Zan Zaunar da Ummi?

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, da kai da masu sauraro. Sunana Hadiza, daga nan Garwa.

Wata Juma'a na ɗauki 'yata Ummi, mai shekara biyar, za mu gaida kakarta. Muka shiga tasi, baya cike da mata. Ka san yadda muke yi, gefen ƙofa ake sa ƙaramin yaro don kada manya su matse shi. Wata tsohuwa ma ta ce, "Yauwa 'yar nan, sa ta can ta sha iska."

Muna tsallaka mahaɗar titunan kasuwa sai wata mota ta fito ta gefe ta daki ƙofar nan. Mu manya ko ƙwarzane ba mu yi ba. Ummi kuwa ƙugunta ya karye, kanta ya bugi gilashi.

Tun ranar muna asibiti. Masu dubiya suna zuwa suna kuka, ni ce mai ba su haƙuri. Ina cin abinci, ina salla, ina juya ta a gado, amma har yanzu hawaye bai zo mini ba. Likita ya ce tsakiya ya fi wa yaro, a kuma ɗaura masa bel. Ni dai ban taɓa ganin bel a bayan tasin garin nan ba.

Gobe za a sallame mu. Ummi ba ta iya takawa tukuna, kuma tasi za mu shiga. Don Allah ku gaya mini, a ina zan zaunar da ita?