Karen Da Ya Ƙi Ruwa

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Abin da na ji ne kawai a tashar Tsafe, tsakanin wani dattijo manomi da wata mata mai kiwon karnukan sayarwa, muna jiran motar Gusau.

"Madam, tunda sana'arki ce, wane magani zan sayo ma karena? Ya bar cin abinci, sai dalalar da miyau. Ko ruwa ya gani sai ya ja baya."

"Baba, an taɓa yi masa allurar haukan kare?"

"Karen gona? Wa zai kai shi allura?"

"To ba magani za ka saya ba. A ɗaure shi, a kira likitan dabbobi."

"Kashe shi za su yi! Wanga kare shi ya tashe mu ranar da ɓarayin shanu suka shigo. Ba ni yi mai butulci."

"Ya ciji wani?"

"Ɗiyata Bara'atu kawai, yau sati biyu ke nan. Mun ƙona gashinsa mun shafa mata, kamar yadda iyayenmu ke yi. Wurin ya warke sarai."

"Warkewar fata ba komai ba ce, Baba. Ka koma ka ɗauko ta, asibiti za ku yau."

Dattijon ya matso kusa da ita. Sannan ya rage murya.

"Madam, in ita ma tun jiya ta ƙi shan ruwa fa?"

Matar ta yi salati. Ni kuwa, da na san ciwon haukan kare ba shi da magani in ya kai nan, na rungume littafin rubutuna na sulale ta bayan motoci, kafin su ga ina kuka.