Kaset Mai Giɓi

Salama a gare ku duka cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ku na bayan can, kuna ji na? To, ku matso da kunnuwanku. Muryar nan ba ta kai ta dā ƙarfi ba, amma tawa ce, kuma ban durƙusa wa ɗan Adam kafin a mayar mini da ita ba.

Saboda baƙi: sunana Saratu, Maman Dauda, mai ƙosai a bakin layin teloli nan unguwar Briqueterie, a Yaoundé. Maigidana yana aiki a mayanka ta Etoudi. Mun sauko daga arewa tun jirgin ƙasa bai kai Ngaoundéré ba, lokacin da ake kwana da kwanaki a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Fasto ya ce in taƙaita. Fasto, ka yi haƙuri, na daɗe ban yi magana ba, yau sai ka jure.

Kun san Malam Istifanus, ga shi can zaune ya sunkuyar da kai kamar ba da shi ake ba. Tela ne, mawaƙi ne kuma, shi yake tsara waƙoƙinsa da kansa. Ni ce nake ja masa amshi tun muna sujada a zauren haya. Kaset uku ya yi. A kan ɗaya daga cikin kaset ɗin nan uku aka so a binne ni da raina, don haka yau zan faɗi abin da na gani a cikinsu a gaban kowa, ba a bayan ido ba.

Na farko a shagonsa muka ɗauka, da rediyo mai kaset da aka aro. Kai, wannan aiki! Idan ladan ya kira salla sai mu dakata, idan an idar mu ci gaba. In kun kasa kunne za ku ji zakara ya yi cara a tsakiyar waƙa ta biyu, za ku ji turmin maƙwabta, har da wani da ya leƙo yana tambayar ko an gama masa wandonsa. Malam kuma bai san inda ake tsayawa ba. Baiti ɗaya sai ya yi ta juya shi har zaren kaset ya ƙare a bakinsa. Karin waƙoƙin kusan duk ɗaya ne, in ya hau sama kuma sai muryar ta koma ta hanci. Duk wannan gaskiya ne.

Amma kalmomin fa? Wayyo! Mutum ne da ya binne ɗansa a ƙasar da ba tasa ba, ya dawo ya zauna a kan keken ɗinki yana yi wa Allah magana. Babu ado, babu kwalliya. Direbobi sun kai kaset ɗin nan har Garwa da Marwa. Na ga ƙaton mahauci ya ji shi ya juya baya yana share ido da hannun riga.

Da suna ya fita, sai masu shawara suka yi yawa. Aka ce ya je Douala, can ne ake da injuna na gaske. Ya je. Ya dawo da kaset na biyu, da hotonsa a jiki, ya sha kwat har da laƙtaye.

Ba zan yi ƙarya ba, sautin ya fita tas. Jita, ganga, molon Turawa, komai a wurinsa. Muryarsa ma an gyara ta, hancin nan ya tafi. Akwai waƙa ɗaya a ciki, ta ƙarshe, wadda ya yi wa mahaifiyarsa, har gobe ina sonta. Sauran kuwa? Kiɗa ya cinye magana. Ya zuba Faransanci nan, ya zuba Hausa can, don kowa ya saya, ya ƙare bai yi wa kowa magana ba. Amshin kuma aka ba wasu 'yan mata da ba sa jin Hausa ko ta sayen gishiri. Muryoyinsu zaƙi kamar me, amma ana maganar gicciye suna rangaji kamar a gidan biki. Ran nan na wuce wata mashaya a Nkomkana na ji an sa shi, maza na rawa da kwalabe a hannu, ba wanda ya san sunan wa ake kira.

Ni ban je na buga shela ba. A taron zumuntar mata aka tambaye mu, ɗaya bayan ɗaya, ko a sayi kaset ɗin a raba wa matan ƙauye. Kowa ta ce ya yi kyau, ya yi kyau. Da aka zo kaina na ce, "Na farko abinci ne a tsohon kwano. Wannan kwano ne sabo, a buɗe a gani ko akwai tuwo." Kafin la'asar maganar ta isa shagon Malam, an ƙara mata gishiri da barkono. Ya daina sayen ƙosaina. In ya hango ni sai ya tsallaka lambatu ya bi ɗaya gefen.

A lokacin nan ina fama da maƙoƙo. Kun tuna wuyana, kun tuna yadda nake naɗa gyale har haɓa. Ya girma har in na kwanta numfashi yana yi mini wuya. Aka kai ni lopital, wato asibiti, aka yi aiki, aka cire. Na farka na buɗe baki in nemi ruwa, sai iska. Iska kawai! Likita ya yi wa maigidana bayani da Faransanci, ya ce wani lokaci hakan yana faruwa, muryar tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa, sai dai a jira.

'Yan'uwa, ba ku san abin da murya take yi muku ba. Mai ƙosai da ba ta iya cewa "na nawa?" Uwa da ba ta iya kiran 'ya'yanta. Sai in buga ludayi a jikin kasko, kamar mai kiran kaji. Wata safiya autata Talatu, tana tatata, ta nufo kaskon mai yana tafasa. Na buɗe baki in kwatsa mata tsawa, babu. Sai da na wurga mata matsami a ƙafa ta faɗi zaune tana ihu. Na ɗauke ta, tana kuka da murya, ni ina yi babu murya. Ranar na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Maƙwabciyata Hajiya, Allah ya saka mata, kullum da zuma da citta a ɗan kofi. Ba addininmu ɗaya ba, amma ba ta taɓa tambayata laifin da na yi ba. A cikin gidan Ubangiji ne aka nemo mini laifi.

Mama Rifkatu, shugabar zumuntarmu, ga ki nan, ba zan faɗi abin da ba ki faɗa ba. Kin zo da mata biyu kun zauna a tabarmata. Kika ce, "Saratu 'yata, bakin da ya taɓa bawan Allah, ai ga shi an rufe shi. Ki zo ran Lahadi ki durƙusa a gaban ikkilisiya, ki kama ƙafar Malam. Mu za mu faɗa a madadinki cewa ƙarya kika yi, hassada ce don an bar ki ba a tafi da ke Douala ba. Kina yi, muryarki za ta dawo."

Na girgiza kai.

Kika ce, "Taurin kan nan ne zai kashe ki."

Na sake girgiza kai, har ɗinkin wuyana ya yi zafi. Na san da ƙauna kika zo, Mama, ban riƙe ki ba. Amma a ce in tsaya a gaban bagade a yi ƙarya da sunana, ni kuma in gyaɗa kai? Haba! Maigidana ma ya lallashe ni, ya ce, "Maman Dauda, ki yi kawai a wuce wurin, me zai rage ki?" Na juya masa baya. Maganar ta bazu har Ekoudou. Mata suna nuna ni da baki, suna ja wa 'ya'yansu kunne da ni. Na daina zama a layin gaba, amma ban daina zuwa sujada ba, don ba gidan uban kowa ba ne.

Damina ta wuce, wata daminar ta kama. Sai ga kaset na uku ya fito, gari ya ɗauka da dariya. Aka sa masa suna kaset mai giɓi. Wasu suka mayar wa mai sayarwa, wai ya lalace.

Wata rana da hantsi ina wanke wake, sai ga Malam Istifanus a ƙofar gida, mutumin da ya yi wata da watanni bai gaishe ni ba. Ya yi sallama ya tsaya yana murza hula. Ya ajiye kaset a kan turmi ya ce, "Maman Dauda, maganarki ta yi mini ciwo, har yanzu ma tana yi. Amma ni ban aiki kowa ya ce ki kama ƙafata ba. Ga wannan. Na nemi wadda za ta ja amshi, duk wadda na gwada sai in ji ba wurinta ba ne. Na bar wurin haka nan." Ya juya ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Na aro rediyon Hajiya na sa. Shi kaɗai ne da gurminsa. Kun san yadda muke yi: mai waƙa ya ba da amshi sau ɗaya a farko, 'yan amshi su karɓa, daga nan shi baiti, su amshi, har a sauka. To, ya ba da amshin: "Yana nan, bai tafi ba." Ya shiga baiti: "Ranar da ƙafa ta ƙi ni, ranar da dangi suka yi nisa." Ya kai ƙarshe ya yi shiru. Gurmi na tafiya, babu kowa. Ya jira daidai tsawon amshin, sannan ya ɗauki baiti na gaba. Haka, haka, har ƙarshen kaset.

Da farko haushi na ji. Na ce a raina, mutumin nan ba'a yake yi mini? Na kashe. Amma wanda ya tashi cikin waƙarmu ba ya iya jin baiti ya sauka babu mai tarewa. Kamar ka ga an miƙo tulu ne an saki, dole hannunka ya tafi. Na sake kunnawa. Kullum in na dawo daga suya sai in sa, ina buga amshin da tafin hannu a cinya, leɓuna suna motsi. Na ƙarar wa Hajiya da batir ba kaɗan ba.

Ran da abin ya faru, da rana tsaka ne, ruwan Yaoundé ɗin nan yana dukan rufin kwano kamar zai huda shi. Na durƙusa a tsakar ɗaki, kaset na juyawa. Na yi addu'a a zuci, kuma ba addu'ar ladabi ba ce. Na ce, "Ya Yesu, kai ka san abin da na faɗa. In ƙarya na yi, riƙe muryar, na yafe. In gaskiya na faɗa, ba zan saye ta da ƙarya ba, ko zan mutu bebiya. Amma dubi Talatu. Dubi wurin nan da aka bari. Wa zai cike shi?"

Malam ya kai ƙarshen baiti ya yi shiru. Sai na ji wani abu mai kaushi, kamar ana jan buhu a ƙasa, ya ce, "Yana nan."

Na waiga in ga wanda ya shigo. Babu kowa. Ni ce!

Baiti na gaba ya sauka, na ce, "Yana nan, bai tafi ba!" Halleluya! Na fito cikin ruwan nan ba ɗankwali, ina kiran sunayen 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta fito da gudu ta rungume ni tana cewa, "Alhamdu lillahi, Saratu, ke ce? Sake faɗa in ji!" Talatu kuwa ta tsorata ta ɓuya a bayan ƙofa, don ta manta uwarta tana magana.

Ku duba ni da kyau. Ban kama ƙafar kowa ba. Ban janye ko kalma ɗaya ba. Abin da na faɗa a kan kaset na biyu, da sabuwar muryar nan ina maimaita shi: kiɗa ya yi, magana ba ta yi ba. Allahn da nake bauta wa ba ya toshe bakin mutum don ya faɗi gaskiya a kan waƙa. Ciwo ne ya same ni, Yesu kuma ya warkar da ni. Daga yau, in wata ta kwanta a cikinmu, a kai mata kunu, a bar tonon laifinta.

Na ukun ma, Malam, kada ka ga na yabe shi ka saki jiki. Waƙa ta huɗu ta yi tsawo, gurmin ya saki a gefe na biyu ba ka ɗaure ba, hancin nan kuma ya dawo. Amma kalmominka sun dawo gida, shi ya sa ya fi sauran.

Makon jiya Malam ya zo ya ce mini, tunda murya ta samu, mu sake ɗauka, in cike giɓin, a daina yi masa dariya. Na ce a'a. Ya ce, "Don me kuma?" Na ce ni na riga na sami nawa. Akwai wadda take zaune a nan yau, baƙin ciki ya rufe mata baki, ta daɗe ba ta yi wa Allah magana ba. Akwai wanda kunya ta shaƙe. In na cike wurin da muryata, su a ina za su shiga? A bar shi yadda yake, masu dariya su yi ta yi.

Na gode wa Yesu da ya ji ni lokacin da ba mahalukin da yake iya ji na. Kai da kake can ka yi shiru, ke da kike can kin haɗiye kukanki, kada ku yarda a sayar muku da ƙarya a matsayin magani. Ku dogara gare shi, ku buɗe baki ko iska ce kawai take fita. An bar muku wuri, kuma yana jira. Amin.