Zoben Koci a Kurar Ɗan Gwangwan

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa, barkanku da aiki. Sunana Hafsat, 'yar aji biyar a sakandare, daga Sharada.

Malam Dauda, wanda muke kira Koci, ya rasu bayan ƙaramar salla, Allah ya jiƙansa. Tun yana saurayi yake buga ƙwallon kwando, kuma da hannunsa ya yi waldar zoben ƙarfen da muke jefa ƙwallo a filinmu. Daga masana'anta yake wucowa ya koya mana, ko gida bai je ba. Shi ya roƙi Babana ya bar ni in yi wasa da hijabina.

Ranar sadakar uku, babban ɗalibinsa Yaya Sabo, wanda aka damƙa wa filin, ya ce mana, "Ku share hawaye, muddin ina raye filin nan naku ne."

Anti, ko arba'in ba a yi ba ya ba masu tirela wurin. Zoben kuwa a kurar ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, na gan shi. Da na daure na tambayi Yaya Sabo, sai ya ce, "Ke yarinya, wasa ya bi mai shi."

Don Allah ku ba mu shawara. Ƙwallon Koci na wajena, amma babu inda za mu jefa.